Ɗakin Bayan Kantin Imo

Ranar Asabar da ta wuce wasu 'yan mata 'yan garinmu suka shigo kanti, ɗalibai ne a wata kwaleji mai zaman kanta. Suka tsaya gaban firij ɗin da muke jera abincin Koriya, suna ɗaga robobi suna ajiyewa. Ɗaya ta ce wa ƙawarta da Hausa, ba ta zaci akwai mai ji ba: "Wannan ai kabeji ne kawai da barkono. Na ga yadda ake yi a waya. Mu ma mu yi mana, mu riƙa sayarwa a makaranta."

Na leƙo daga bayan kanta na ce, "Sannunku da zuwa." Suka daskare. Da suka gama jin kunya na ce su dawo ranar da babu kasuwa mu zauna. Abin da na faɗa musu da suka dawo shi zan maimaita a nan, don ba su kaɗai ke wannan tunanin ba.

Sunana Asabe, yaran Najeriya da ke nan suna ce mini Anti Asabe. Na zo Kuala Lumpur ne tare da maigidana, Baban Walid, lokacin da ya zo karatun digiri na uku. Da ya gama aka riƙe shi koyarwa, zama ya kama mu. Kantin da nake aiki yana Taman Melati, tsakanin shagon wankin kaya da wani mamak, inda ake shan shayi. Ƙaramin kanti ne: taliyar leda, shinkafa, man riɗi, ganyen teku, sai firij guda na abincin da aka shirya. Mai kantin 'yar Koriya ce da ta auri ɗan Malay, ta musulunta, mijin ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, Irfan, wanda ke aiki a Johor. Kowa Imo yake ce mata, wato inna a yaren Koriya.

Ni ma da sayayya na fara. Na shiga neman man riɗi, na ga wata roba da alayyafo a ciki an barbaɗa masa riɗi. Na saya na kai gida, na ci na ji kamar kwaɗon da ake yi mana a gida, sai dai babu ƙuli-ƙuli. Daga nan na zama 'yar kullum, kuma ni mai yawan tambaya ce: wannan da me aka yi, wancan me ya sa ya yi ja. Rannan matar da ke taya Imo aiki ta koma garinsu, Imo ta dube ni ta ce cikin Malayancinta mai karyayyen harshe, "Ke kullum tambaya. Shigo ciki ki gani da idonki." Ita ta yi ta zirga-zirga har aka yi mini takardar izinin aiki.

Aikin farko da ta ba ni ɓare tafarnuwa ne da wanke baho. Na daɗe a kansu, har na fara tunanin ko ta manta da ni. Tafarnuwar ba ta kwano ba ce, ta buhu ce. Ana jiƙa ta ta yi laushi, a ɓare, a yanke gindinta, a fitar da duk wadda ta fara tsiro don tana sa ɗaci. Bahunan kuwa kowanne da launinsa da aikinsa: na kabeji daban, na kifi daban, na shinkafa daban. Wanda aka kwaɓa barkono a ciki ba ya sake ganin shinkafa har ya fashe. Idan na gama wankewa Imo takan goga yatsa a gindin baho ta saurara. In bai yi ƙara ba, da sauran maiƙo, sai a sake.

Sai ranar da ta ajiye mini kwandon kabeji. Ba irin namu dunƙulalle ba, dogon nan ne mai farin gindi da ganye kamar na latas, daga gonakin kan tsaunin Cameron ake kawo shi. Shi ake yin kimci da shi, wato kabejin da aka gishirta, aka shafe da barkono, aka bar shi ya yi tsami. Ana tsaga shi da wuƙa daga gindi zuwa rabi, sauran a yage da hannu, don in wuƙa ta bi ta cikin ganyen sai ya ruguje. A tsoma shi a ruwan gishiri, sannan a ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya ana watsa gishiri mai tsakuwa a wurin farin, inda yake da kauri. Gishirin girki mai laushi ba ya yi, yana shiga da sauri ya kashe ganyen. A jera a baho, a danne, a riƙa juyawa, na ƙasa ya koma sama.

Na tambayi Imo awa nawa ake barinsa. Ta ce, "Kabeji ba ya duba agogo." Ta zaro ganye ɗaya ta lanƙwasa farin wurin. Ya karye, ƙas. Ta mayar. Can an jima ta sake zarowa, ya lanƙwashe kamar takalmin roba bai karye ba. Ta ce, "Yanzu." Abin da masu koyo a waya ba su sani ba shi ne, yawancin masu nuna musu a ƙasar sanyi suke. Nan zafi ne da laima shekara duka. Abin da zai kwana a can, nan kafin azahar ya wuce gona. Kuma kabejin damina ruwa ne cike da shi, na lokacin da ruwa ya ɗan ɗauke ya fi tauri, kowanne da gishirin da yake so.

Bayan an ɗauraye shi an kife a kwando ya tsane, sai haɗin. Ana dama ɗan kunun garin shinkafa a bar shi ya huce sarai, a zuba garin barkonon Koriya, mai ja sosai amma bai kai attaruhu zafi ba, da tafarnuwa, citta, albasa, tuffa da aka markaɗa, ruwan kifi, da lobak, wata farar saiwa mai kama da rogo da ake yankawa siri-siri. A sa safar hannu ta roba mai kaiwa gwiwar hannu, a bi ganye ɗaya bayan ɗaya ana shafawa. Sannan a naɗe, a cusa a roba a danne kar iska ta samu wurin zama, amma kar a cika ta fal. Kimci yana numfashi. Robar da aka cika, murfinta zai tashi a cikin firij, jan ruwa ya bi ko'ina, kuma warin ba ya fita da wanki ɗaya.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai wuƙa mai faɗi ta kayan lambu, wadda ake wasawa kowace safiya. Akwai almakashin girki, don 'yan Koriya da almakashi suke yanka kimci da nama da taliya, kuma da na saba na gane ya fi wuƙa tsafta, ba ya ɓata katako. Akwai 'yar tabarmar gora ta naɗe shinkafa. Babban cikinsu shi ne firij ɗin kimci da ke ɗakin baya, mai buɗewa ta sama kamar akwati, wanda Imo ta sa aka kawo mata daga Koriya tun mijinta na da rai. Sanyinsa ba ya hawa ba ya sauka. Ba a ajiye komai a kansa, ba a jingina da shi, ba a buɗe shi don kallo.

Kimbab aikin safe ne. Shinkafa ce da ake shimfiɗawa a kan busasshen ganyen teku, a jera ƙwai, karas, alayyafo da kifi ko nama, a naɗe da tabarmar, a yanka kamar ƙafar mota. Shinkafar da ɗuminta ake so, ba da zafi ba, in ba haka ba ganyen ya jiƙe ya yage. Wuƙar ana shafa mata man riɗi kafin kowane yanka. Ba a sa shi a firij, shinkafar takan yi tauri kamar tsakuwa, kuma in ya kai la'asar a wannan zafin ba na sayarwa ba ne. Don haka kullum sai ka yi hasashen mutum nawa za su zo. In da hadari da safe a rage. In lokacin jarrabawa ne a jami'ar da ke kusa a ƙara. In azumi ne a mayar da aikin gaba ɗaya zuwa yamma.

Masu saye iri-iri ne. 'Yan matan Malay masu aikin ofis suna saukowa daga jirgin ƙasa da yamma, su ce "Kak, tapau biyu," wato "Yaya, ƙunsa mana biyu," su tafi da shi, yawancinsu abin da suka gani ana ci a fim suke nema. Akwai tsofaffin 'yan Koriya da ke zaune a garin, su ba sa tambaya, sukan ɗaga roba su duba launin ruwan da ke ƙasa su san kwanansa. Sai mutanenmu. Mutanenmu tambayarsu biyu ce: "Ba a ɗumamawa?" da "Halal ne?"

Wani Malam Nasiru, ɗalibin digiri na uku, ya taɓa dawo mini da robar kimci a leda, ransa a ɓace. Ya ce, "Hajiya, ku ji tsoron Allah. Jiya na saya, yau na buɗe ya lalace, har kumfa yake."

Na buɗe na shinshina. Lafiyarsa ƙalau. Na ce, "Malam, kana shan nono?"

Ya ce, "Ina sha."

Na ce, "To wannan nonon kabeji ne. Madara ka zo nema, aka ba ka kindirmo."

Ya yi dariya. Na canza masa da wanda aka haɗa a ranar, mai garɗi babu tsami. Tun daga lokacin duk baƙon da ya ɗauki kimci sai na tambaye shi, sabo kake so ko wanda ya nuna? Rabin sana'ar nan a wannan tambayar take.

Maganar halal kuwa ba wasa ba ce, kuma suna da gaskiya da suke tambaya. Kayan Koriya da yawa akwai alade a ciki, ko giya, har a cikin jan kwaɓin barkonon da suke sa wa kusan komai. Imo ba ta ajiye irinsu. Amma masu kawo kaya kan yi kuskure, ko kamfani ya canza haɗi bai canza leda ba. Ta zaunar da ni ta koya mini haruffansu, ba don in iya hira ba, don in gane kalmar alade da ta giya a bayan kwali. Kowane kwali ya iso sai an karanta kafin a jera. Mun sha mayar da kaya. Sau ɗaya za ka sayar wa Musulmi abin da bai halatta ba a unguwa kamar wannan, kantinka ya mutu, ko da kuwa an yafe maka.

Sayen kaya ma aiki ne. Kabeji mota ke kawowa, amma ƙananan busassun kifin da muke soyawa da riɗi da zuma, da lobak, da albasa mai ganye, a kasuwar Chow Kit muke saye. Imo ta nuna mini masu sayarwar da take yarda da su, ta nuna mini yadda ake ɗanɗana kifin kafin a saya, don wani gishirinsa ya yi yawa, wani kuma ya daɗe man jikinsa ya juya. Da tafiya ta yi tafiya ta daina zuwa, ni kaɗai nake shiga jirgi in dawo da kaya.

Mummunar shekarar ita ce ta annoba, da aka kulle gari. Ana gab da kullen yayar Imo ta kwanta rashin lafiya a Koriya, ta tafi dubo ta, ta ce ba za ta daɗe ba. Tana can aka rufe iyaka. Irfan ya maƙale a Johor. Kanti ya rage ni kaɗai. An bar kantunan abinci su buɗe, amma jirgin ƙasa ya zama fanko, 'yan ofis sun daina wucewa, ɗalibai an tsare su a makaranta. Kimbab na daina yi gaba ɗaya. Motar kabeji wani mako ta zo, wani mako ba ta zo ba, in ta zo ma kabejin ya sha hanya ganyen waje duk sun ruɓe.

Ana cikin haka firij ɗin baya ya mutu. Na shigo da safe na ji shiru a ɗakin, babu gurnaninsa. Na ɗaga murfi, ɗumi ya bugi fuskata. Mai gyara ya zo bayan kwanaki da takardar izinin fita, ya duba ya ce abin da ya ƙone sai daga Koriya, kuma babu mai kawowa yanzu. Na kwashe abin da firij ɗin gaba zai iya ɗauka, na kai wani gida, Baban Walid ya fitar da ruwan sanyinsa da naman miya ya ba ni wuri. Duk da haka mafi yawansa ya riga ya yi tsamin da ba mai ci haka nan.

Na kira Imo a waya, na nuna mata robobin. Ta ce in ɗanɗana in gaya mata: tsami kawai, ko da yauƙi? Na ce tsami kawai, ganyen da sauran ƙarfinsa. Ta ce, "To bai mutu ba, tsufa ya yi. Tsohon kimci wuta yake so." Ta waya ta koya mini abinci uku da ban taɓa yi ba: miyar kimci da kifin gwangwani da awara, soyayyiyar shinkafa da shi, da wata waina mai faɗi da ake kwaɓa shi da fulawa a soya. Na jingina wayar da kwalbar man riɗi, tana kallo tana faɗa: "Wutar ta yi yawa. Kar ki juya tukuna. Sabe, na ce kar ki juya!"

Abincin nan mai zafi shi ya riƙe kantin. Mutane na zaune a gida sun gaji da girkinsu. Baban Walid ya sa hoton a zauren wayar 'yan Najeriya, matan maƙwabta suka sa a nasu, masu babur suka riƙa zuwa ɗauka. Mutanenmu da ke ƙin abinci mai sanyi su suka fi sayen miyar, wasu har da tuwon semo suke ci. Ba riba aka yi ba, amma ba a rufe ba, kuma da kabeji ya dawo daidai na ci gaba da haɗa sabo ni kaɗai, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da firij ɗin gaba zai ɗauka.

A can Koriya yayar Imo ta rasu, Imo ita ma annobar ta kama ta, ta warke. Da aka buɗe hanya ta dawo, ta rame, da abin gyaran firij ɗin a cikin jakarta, naɗe da tawul. Washegari ta ɗaura rigar aiki ta karɓi bahon haɗi, ni na koma kan kabeji da tsaron kanti kamar da.

Kimcin da ta fara haɗawa gishiri ya yi masa yawa. Na ce a raina ko gajiyar tafiya ce. Na biyu kuma ruwan kifi ya yi kaɗan, salam. Wata tsohuwa 'yar Koriya da ta daɗe tana saye ta dawo ta yi wa Imo magana da yarensu, a hankali, ban ji me ta ce ba, na dai ga Imo tana sunkuyar da kai tana ba da haƙuri. Sannan wata rana ina gaban kanti na jiyo ƙauri. Na ruga ɗakin baya na tarar riɗi na ƙonewa a kasko, Imo na tsaye kusa da shi, ta juya baya tana yanka albasa. Hayaƙin har ya fara taruwa, ba ta waiwaya ba.

Na kashe wutar. Ta dubi kaskon, ta dube ni. Ta ajiye wuƙar ta rufe ƙofar da ke tsakaninmu da kanti.

Ta ce, "Tun da na yi ciwon nan ba na jin ƙamshi. Ba na jin ɗanɗano. Gishiri da sukari duk ɗaya ne a bakina."

Na ce, "Likita ya ce me?"

Ta ce, "Ya ce wasu yana dawo musu, wasu ba ya dawowa. Irfan bai sani ba. In ya sani zai ce in sayar da kanti in koma wurinsa in zauna ina kallon bango."

Na ce, "To ya za mu yi, Imo?"

Ta jawo bahon haɗin da ta kwaɓa da safe, ta yagi ɗan ganyen kabeji, ta dangwala, ta miƙo mini. Na ci. Na ce citta ta isa, barkono ya isa, ruwan kifi da saura. Ta ƙara, ta juya, ta sake miƙowa. Na ce yanzu ya yi. Ta sa safar hannu ta fara shafawa.

Haka muke aiki har yau. Hannunta bai manta komai ba, ta fi ni sauri a naɗi da yanka, kuma da ido take gane kabejin da ya sha gishiri daga ƙofar ɗaki. Amma babu robar da ke shiga firij sai ta bi ta bakina. Daga baya ta gaya wa Irfan da kanta, ya yi faɗansa ya gaji ya ƙyale ta, yanzu ba abin ɓoyo ba ne. In ina azumi, mukan jinkirta haɗi sai an sha ruwa. In mura ta kama ni, ranar ba a haɗa kimci.

Da rana, in kasuwa ta lafa, mukan zauna a ɗakin baya mu ci abinci a kan kujerun roba. Ita ke zubawa: shinkafa, miya, kimci a ƙaramin faranti a tsakiya. Takan jira in fara kai loma, tana kallon fuskata.

Sai ta ce, "Da daɗi?"

In ce, "Da daɗi, Imo."

Ta ce, "To," ta ɗauki cokalinta ta cinye nata tas.